Ranar da Saƙon Yaya Saratu Ya Iso Nairobi

Sanyi ne ya fara tarbata a Nairobi. A gida, a 'Yandoto, na baro damina ta kankama, mutum yana zufa ko a inuwa, don haka riga ɗaya mai dogon hannu na jefa a jaka. Na fito daga filin jirgi da hantsi, sama ta haɗe kamar za a yi ruwa amma ba a yi ba, iska kuwa tana ratsa ƙashi.

Ɗakin da zan sauka na kama shi tun ina Gusau, ta hannun wani ɗan ƙasarmu da muka haɗu a waya. Ya ce sunansa Alhaji Bala, ya daɗe a can. Hausarsa ce ta sa na saki jiki. Ya turo mini hoton ɗaki mai shuɗin labule, ni kuma na tura masa kuɗin kamu. Da na isa ginin, a wata unguwa da Somaliyawa suka fi yawa, mai gadi ya dubi hoton ya dube ni, ya ce ba ni ne na farko ba. Ɗakin yana nan, har da labulen, amma akwai mai shi a ciki da iyalinsa, kuma ba su taɓa jin sunan wani Alhaji Bala ba. Na kira lambar na ji ta a kashe.

Na zauna a kan jakata a bakin titi. Motocin haya masu kiɗa suna wucewa, yaran mota suna ihu da harshen da ban san ko kalma ɗaya a cikinsa ba. Can sai wata mata, sa'ar Innarmu, ta yafito ni daga ƙofar ɗan shagon abincinta. Sunanta Fardowsa. Ta ajiye mini shayi mai kayan ƙamshi da shinkafa da ayaba a gefe, ta nuna mini da hannu cewa haɗawa ake yi. Da guntun Turancinta da guntun Larabcina na allo muka fahimci juna. Ta aika aka kira ƙaninta Abdi mai sayar da yadi, ya ce akwai wani ɗan ɗaki a saman shagonsa, in zauna har in samu wuri.

Kafin in tashi ta ce, "Kana da uwa?"

Na ce ina da ita.

"To, kira ta ka ce ka sauka lafiya. Sauran kada ka faɗa mata."

Haka na yi.

Abin da ya kai ni Nairobi aiki ne. A Gusau ina shigar da bayanai ne a wani shirin kula da mata masu juna biyu da jarirai. Ma'aikatan lafiya na ƙauyuka suna rubuta awo da haihuwa da rigakafi a wata manhaja ta waya, bayanan su tafi wani rumbu a intanet. Ni kuwa da ɗan abin da na koya wa kaina na rubuta manhaja, duk kuskuren da na gani sai in tura wa kamfanin da ya yi ta, har da yadda nake ganin za a gyara. Da suka gaji da saƙonnina sai suka ce in zo in yi aiki da su na wani lokaci. Ƙaramin kamfani ne, hawa ɗaya a wani tsohon bene. Shugabar sashenmu Wanjiru ce, mace mai magana a hankali, ba ta son a maimaita mata abu.

A makona na farko ta juyo mini da kwamfutarta ta ce, "Murtala, duba nan. An yi wa yaron nan allura kafin a haife shi. Wannan matar kuma ta zo awo a shekarar da ba mu fara aiki ba. Daga jiharku duk suka fito. Me ke faruwa?"

Na san me ke faruwa, don na sha gani da idona. Waya ta mutu a ƙauye, ta kwana biyu kafin a kai ta wurin mai caji, wani ya cire batir ya mayar, ta farka tana zaton ranar da aka ƙera ta ce. Ba wanda ke damuwa ya gyara, tun da ladan na nan, rana ma na nan. Manhajarmu kuwa agogon wayar take tambaya duk sanda za ta ajiye bayani. Abin da wayar ta faɗa, shi ake rubutawa.

Wanjiru ta ce, "To, wannan ne aikinka. Daga yanzu kada waya ta ƙara faɗa mana lokaci. Sabar ce za ta faɗa."

Sabar ita ce babbar kwamfutar da ke karɓar bayanai daga duk wayoyin. Rumbunmu kuwa ba irin mai layi-layi ba ne. Kowane bayani kamar takarda guda yake, mai gurabe: sunan mai jego, ƙauyenta, nauyin jariri, lambar ma'aikaciya. Abin da na yi shi ne na ƙara gurbi ɗaya a kowace takarda, na hana wayar cika shi. Alama kawai take sakawa, mai nufin a bar wa sabar wannan. Takardar za ta iya yin kwanaki a cikin waya babu layi, gurbin yana nan fanko. Da zarar ta isa rumbu, sabar ta dubi agogonta ta buga lokacin. Na kuma sa doka a bakin rumbun: duk takardar da ta zo da lokacin da aka cika a wannan gurbi, a ƙi karɓarta. Agogon wayar ba mu jefar da shi ba. Mun bar masa nasa gurbin daban, don shi kaɗai ke ƙoƙarin faɗin sanda aka yi aikin, ko da yana kuskure. Na sabar ba ya kuskure, amma abin da ya sani ɗaya ne: sanda takarda ta iso.

Aikin bai da girma a faɗe, amma ya ci mini makonni. Allon manhajar yakan rikice in ya tarar da gurbi fanko, jerin sunaye ya hautsine. Na gyara nan, can ya ɓalle. Abokan aiki suna cin abincin rana tare suna raha da Sawahili, ni ina gefe da tuwon masararsu mai tauri, ina tunanin miyar kukar Inna. Ba wanda ya wulaƙanta ni. Kawai dai ba wanda zan ce wa "ina gajiya" ya amsa mini yadda ake amsawa.

Ranar Juma'a nake kiran gida. Yayata Saratu ma'aikaciyar lafiya ce a wani asibitin sha-ka-tafi a Bungudu, tana cikin masu amfani da manhajarmu, kuma ni na saka mata ita a waya, na san lambarta ta aiki kamar sunana. Ƙarshen mako takan je 'Yandoto ta duba su Baba, sai ta haɗa ni da su. Baba ba ya son dogon zance a waya.

"Murtala, kana samun jam'i?"

"Ina samu, Baba."

"Mi kuke ci can?"

"Masara, Baba, da shinkafa."

"To, madalla. Ka riƙe amanar mutane. Ga uwarka."

Ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar tsakanin kalmomin. Na tambayi Yaya Saratu, ta ce ƙafafunsa sun ɗan kumbura, tana ba shi magani, kada in tayar da hankalina.

Muka saki sabuwar manhajar, wayoyi suka ɗauka, takardu suka fara shigowa da lokaci mai kyau. Ban gama jin daɗin ba, wata safiya Wanjiru ta kira ni. Tun jiya babu takarda ko ɗaya daga Zamfara. Sauran wurare suna shigowa.

Ta ce, "Dokar da ka sa a bakin rumbu, ka tabbata ba ita ke korarsu ba?"

Na wuni ina bin abin da na rubuta layi-layi, ban ga komai ba. Na kira Yaya Saratu in tambaye ta, wayar ba ta shiga ba. Na kira abokina a Gusau, ba ta shiga ba. Na kira mai shagon kusa da gidanmu, na kira wani direba a Tsafe, duk shiru. Sai da la'asar na gani a labarai cewa an katse layukan waya a jihar baki ɗaya, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da juna. Na nuna wa Wanjiru. Ta karanta, ta ce in yi haƙuri da zargin da ta yi. Sannan ta tambaya, "Har yaushe?" Na ce ba wanda ya faɗa.

Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba. Da can in na ji an kai hari a hanyar Tsafe ko wajen Magami, sai in ɗaga waya in ji muryar wani, hankalina ya kwanta. Yanzu sai jita-jita daga bakin mutanen Kaduna da Kano, kowa da tasa. Mako ya wuce, wani ya bi shi. Itatuwan bakin titin ofishinmu suka yi fure shuɗi mai ja-ja, yana zubowa a kan motoci, mutane suna ɗaukar hoto. Ni ina wucewa ta ƙarƙashinsu kamar wanda aka aika.

Duba shigowar bayanai yana cikin aikina, don haka allon yana buɗe a gabana kullum. Na ware lambar Yaya Saratu a gefe guda. Takardarta ta ƙarshe tana nan da lokacinta, ba ta motsi.

Wata ranar Laraba da hantsi, ina shan shayi, sai allon ya motsa. Takardu suka zubo a ƙarƙashin lambarta, da yawa, ɗaya bayan ɗaya. Gurbin agogon wayar ya nuna shirme kamar kullum, wata shekara can baya. Amma gurbin da na gina ya nuna yanzu. Ba jiya ba, ba ɗazu ba. A wannan minti da nake zaune, wayar yayata tana wani wuri mai layi. Shayin ya zube a kan wandona, ban kula ba. Na kira.

Ta ɗauka. Hayaniyar tasha ce a bayanta.

"Murtala? Kai, wa ya gaya maka na hito?"

"Yaya! Kuna lafiya? Ina kike?"

"Funtua. Yanzun nan munka sauka, ko ruwa ban sha ba. Na taho da wayoyin asibiti in tura aikinku. Ya anka yi ka sani?"

Na kasa yi mata bayani, dariya da kuka suka haɗe mini. Ta ce kowa lafiya. An hana cin kasuwannin mako, man fetur ya yi wuya, amma suna nan. Baba yana kwance, yana shan kunu, yana gane mutane. Ta ce dole ta juya kafin azahar, don ba a bin hanyar nan da yamma. Na ce ta gaishe su, ta ce wa Baba ina samun jam'i.

Daga ranar na zama mai gadin allon nan. In zan shiga masallaci sai na duba, in na fito sai na duba. Na sa kwamfutar ta riƙa yi mini ƙara a waya in takarda ta shigo da lambarta. Fardowsa ta lura ba na cinye abinci, ta tambaya, na faɗa mata. Ta ce su ma sun yi shekaru haka lokacin yaƙin ƙasarsu, sai wanda ya tsallako iyaka ne ke kawo labarin wanda ya mutu da wanda ya rayu. Ta ƙara mini miya ta koma bakin tukunyarta.

Ƙarar ta zo bayan makonni, ina cikin motar haya zan tafi ofis. Na duba, lambarta ce, lokacin kuma yanzu. Na kira ina murmushi tun kafin a ɗauka.

Muryar namiji ce ta yi sallama.

Na ce, "Wa ke magana? Ina mai wayar?"

"Isiyaku ne, shugaban asibitinsu na Bungudu. Ni na kawo wayoyin wannan karon, ita tana gida wurin Inna. Murtala ne ko? Allah Sarki. Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta."

Na ce, "Wane Malam?"

Ina jin ana kiran fasinjan Gusau a bayansa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe ba ka ji ba. Ta ce mini ta yi maka saƙo a wayar, zai tafi da kansa in na samu layi. Na zaci ya riga ni."

Yana cikin magana wayata ta yi motsi a kunnena. Saƙon murya ne ya shigo. Na ce wa yaron mota ya tsaya, na sauka a inda ban sani ba, na jingina da katangar wani gida na kunna.

"Murtala, ni ce. Ka yi haƙuri. Yau da hantsi Allah ya karɓi ran Baba. Bai sha wahala ba, ina riƙe da hannunshi, ya yi kalmar shahada. Yanzu anka dawo daga kai shi. Inna na nan, ta daure. Ban san ranar da za ka ji wannan ba. Ka yi mashi addu'a. Ya ce a gaya maka ya yahe maka duniya da lahira."

A ƙasan saƙon an rubuta lokacin wannan safiya. Na sake kiran Malam Isiyaku na tambaye shi yaushe ne. Ya ce har an yi sadakar bakwai, an kwana biyu da yi.

Na tsaya ina lissafin inda nake a ranar. Ina jin ranar ce abokan aiki suka ja ni kallon ƙwallo, har na yi ihu da aka ci. Ana haƙa kabarin mahaifina ina tafi da hannu. Na san ba laifina ba ne, ba laifin kowa ba ne, amma sanin bai rage komai ba.

Ban je ofis ba, na koma unguwa. Fardowsa ta ga fuskata daga nesa ta ajiye ludayi. Ba ta tambaye ni ba sai da ta zaunar da ni. Abdi ya rufe shagonsa da rana tsaka, ya kama hannuna zuwa masallaci, ya yi wa liman magana. Bayan azahar mutanen da ba su san Baba ba, ba su san ko inda 'Yandoto take ba, suka ɗaga hannu suna roƙa masa gafara da sunansa, suna faɗinsa a karkace. Da yamma Wanjiru ta zo da mutum biyu daga ofis, ta rufe kanta da gyale don girmama wurin, suka zauna tare da ni a bencin shagon. Da za ta tafi ta ce, "Ka je gida. Kujerarka tana nan."

Hanyar dawowa ta fi ta zuwa tsawo. Jirgi ya sauke ni Abuja, mota ta kai ni Zariya, wata ta kai ni Funtua. A tashar na ga abin da ban gani ba daga allon: mutane tsaitsaye ko'ina, kowa da waya a kunne, wasu da wayoyi cike da leda na 'yan unguwarsu, suna karanta saƙo suna mayar da amsa a madadin masu su. Wata tsohuwa tana ihu a waya tana cewa a faɗa wa ɗanta an haihu. Muka shiga mota aka jira sai da motoci suka taru, aka tafi a jere. Bayan mun wuce iyakar jiha na ga sandunan layin wayata suna raguwa har suka ɓace. Can muka hango duwatsun Tsafe.

Ɗan acaɓa ya sauke ni a ƙofar gida da azahar. Dakalin da Baba ke zama an share shi, babu kowa. Na yi sallama. Yaya Saratu ce ta fito, ta rame, ta kama bakin ƙofa ta ce, "Inna, ga Murtala." Inna tana zaune a kan tabarma cikin takaba, da carbi a hannu. Na durƙusa a gabanta. Ta ɗora hannu a kaina ta ce, "Ka sha hanya. A ba shi ruwa." Sai muryarta ta karye. Yaya Saratu ta gaya mini daga baya cewa tun ranar rasuwar ba a ga hawayenta ba sai ranar nan.

Kawu Sani, ƙanin Baba, ya raka ni maƙabarta. Ƙasar kabarin ta riga ta kwanta, ciyawa ta fara tsirowa a gefe. Na yi addu'ar da zan iya.

Na zaci shi ke nan, na makara, makoki ya watse, kowa ya koma girbinsa. Amma da muka dawo na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Na tambayi Kawu ko wani abu ya faru.

Ya ce, "Kai anka shimhiɗa ma. Ba a yi maka gaisuwa ba ai. Zauna."

Na zauna. Labari ya zaga gari da baki. Kafin la'asar suka fara zuwa, wasu daga gona kai tsaye, da ƙaiƙayi a jikin riguna. Liman ya zo, maƙera suka zo, abokan karatuna na allo suka zo. Wani Bafulatani tsoho, Ardo Jaɓɓi, wanda Baba ke ba shi kara yana ba shi taki tun kafin a haife ni, ya taho da sandarsa daga ruga. Ya tsuguna a gabana, ya miƙo hannu biyu.

"Murtala, ya haƙuri?"

Na buɗe baki, a karo na farko tun da na ji labarin, na ba da amsar da ake bayarwa.

"Haƙuri sai ma'abocinsa, Baffa. Da godiya."

Ya ce a yi fatiha. Muka ɗaga hannu gaba ɗaya.